Wa Zai Riƙe Dawakin?

(Taken shiri: algaita da tambari, sai a sassauta)

 Yau fagen fama za mu je, amma kada hankalin kowa ya tashi, babu hayaƙin albarushi. Fagen namu kwali ne shimfiɗe a kan tebur, mayaƙan kuma 'yan gutsattsarin takarda ne da ba su fi farcen babban yatsa faɗi ba.

Wanda ya taɓa zama a majalisar dara ko ta ludo ya san kowane gida da irin ƙa'idarsa. A wannan majalisa in ka jefa shida sau uku a jere wasanka ya ƙone, a waccan kuwa sai ka yi ta tafiya abinka. Mutanen wurin ne suka yarje wa junansu. Ita ce dokar gida. To, akwai wani irin wasan allo da ake sake buga yaƙe-yaƙen tarihi a cikinsa, kuma masu yin sa sun fi kowa jarabar ƙirƙiro dokar gida.

Asalinsa daga barikin soja ne. A 1824 wani laftana a rundunar Furusiya, ƙasar da wani ɓangarenta ke cikin Jamus ta yanzu, mai suna von Reisswitz, ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya fara, ya nuna wa manyan hafsoshi, suka karɓe shi don horar da jami'ai. Ya daɗe a hannun soja kafin ya shigo kasuwa. A 1958 kamfanin Avalon Hill na Charles Roberts a Amurka ya fitar da wasa mai suna Gettysburg, a 1961 kuma aka sake buga shi da taswira mai gidaje masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma. Kowane ɗan kwali runduna ce guda, an rubuta mata lambar ƙarfi da lambar tafiya. In runduna biyu suka yi karo sai a jefa ƙwayar ludo, a duba jadawali, a ga wa ya ci wa ya ja da baya.

Barde ba shi da wuyar sakawa a wannan lissafi. Yana kan doki, takobi ko mashi a hannu, dokin kansa makami ne, da ƙirjinsa ake tarwatsa sahu. Dakare ma haka, yana ƙasa, yana tafiya a hankali, in ya kafe ya kafe. Rikicin yana wajen na ukunsu, wanda yake kamar jemage, tsuntsaye ba su ɗauke shi nasu ba, dabbobi ma haka. Dakare ne da aka ba doki don ya kai shi fage da wuri. In ya isa sai ya sauka, ya laɓe bayan dutse ko shinge, ya yi harbi da doguwar bindiga. Dokinsa motar haya ce kawai. Mu kira su dakaru masu hawa.

Yawancin littattafan dokoki da na gani, ko dai su jefa su cikin barade, ko su ba su ƙarfin dakare da gudun barde a lokaci guda, a wuce wurin. Na biyun nan ne ya haɗa ni gardama da wani dattijo, tsohon malamin tarihi, wanda muke buga wasan tare a zaurensa ranar Asabar. Wani ɗalibinsa ne ya kawo masa shi tsaraba daga waje. Rannan na gano cewa doka ba ta hana ni sukuwa gida 8, in yi harbi da cikakken ƙarfi, zagaye na gaba in sake sukuwa in ɓace ba. Na yi masa haka sau uku. A na huɗu sai ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, waɗannan mutanen naka, da suka sauka suna harbi, wa ya riƙe musu dawakin?"

Na ce, "Baba, ai littafin bai faɗa ba."

Ya ce, "To wanda ya rubuta littafin bai taɓa riƙe linzami ba."

Daga wannan tambaya dokokin zauren Baba suka samo asali, kuma ina ganin ya fi marubucin gaskiya.

(Kiɗa kaɗan)

Mu je garin Gettysburg ɗin kansa, safiyar 1 ga Yuli 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Janar John Buford na rundunar Arewa yana yammacin garin da birged biyu, mutanen ba su kai 3,000 ba. A takarda barade ne, amma aikin dakaru suka yi. Suka sauka suka jeru a kan tuddai da gajerun bindigogi masu ɗuri ta baya, suka riƙe sojojin Janar Heth na Kudu har dakarun Janar Reynolds na Arewa suka iso. Ƙa'idar horonsu kuwa ita ce a ƙirga mutane huɗu huɗu, uku su tafi gaba, ɗaya ya tsaya baya da dawaki huɗu a hannu. Ke nan tun kafin harsashi ɗaya ya tashi, rubu'in bindigogin Buford sun fita daga lissafi. Sojojin Ingila da na Ostireliya ma da wannan tsari suka yi aiki daga baya.

Saboda haka dokarmu ta farko mai sauƙi ce. Ɗan kwalin yana da fuska biyu, ɗaya a kan doki, ɗaya a ƙasa. In ƙarfinsa 4 ne, da ya sauka ya zama 3. Sai a ɗauko wani ƙaramin kwali, mu hoton sirdi muka zana a jiki, a ajiye a gidan da ke bayan rundunar. Dawakin ke nan da masu riƙonsu.

Wannan ƙaramin kwali ya sauya wasan fiye da yadda muka zata. Da can ido yana kan sahun gaba ne kawai. Yanzu kowa yana neman hanyar zagayawa ta baya, domin in abokin gaba ya taka gidan da sirdin yake, dawakin sun tafi, rundunar ta zama ta ƙasa har ƙarshen wasa, kuma mutumin na huɗu ba zai dawo ba. Sai ka ga mai wasa yana zufa yana neman kwari ko kurmi a taswira inda zai ɓoye dawakinsa. In ya ajiye su kusa, igwa ta same su. In ya kai su nesa, gida biyu ko uku, ranar gudu sai ya taka da ƙafa kafin ya kai gare su. Hafsoshin gaske ma wannan ciwon kai suka sha, kuma jadawali mai lambobi goma bai koya mini shi kamar yadda wannan ɗan sirdi ya koya mini ba.

Akwai togaciya ɗaya da muka daɗe muna ja a kanta. A yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, Turawan Bowa manoma ne da suka tashi a kan doki da bindiga. An san dawakinsu da horon tsayawa inda aka saki linzami, don haka ba sa buƙatar ware mutane da yawa don riƙo. Muka ce su sai su sauka da ƙarfinsu 4 cif. Wani abokin wasanmu ya ce an yi son kai. Baba ya ce a yaƙin ma ai ba a raba daidai ba, shi ya sa Ingila ta koma tana kwasar dakarunta tana ɗora su a kan doki, har da waɗanda ba su san gaban sirdi da bayansa ba.

(Kiɗa kaɗan)

Doka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba sai mun tsallaka teku neman hujjarta ba. Tana nan gida.

Rundunar da Gwamna Lugga ya ci ƙasar nan da ita tana da dakaru masu hawa. Hafsoshin Turawa ne, sojojin kuwa baƙar fata, da yawansu Hausa suke ji. An ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A ƙarshen watan, a yankin Kwatarkwashi da ke Zamfara ta yau, wani ƙaramin ayarin sintiri a ƙarƙashin Laftana Wallace Wright ya yi kiciɓis da rundunar Kano da ke kan hanyar komawa gida, Waziri Ahmadu yana jagoranta. Takardar da aka ba Wright lambar yabo mafi girma ta Ingila da ita ta ce shi da hafsa ɗaya da sojoji 44 ne, suka fuskanci mahaya 1,000 da dakaru 2,000 na tsawon awa biyu. Lissafin Turawa ne, kowa kuma ya san mai neman lamba ba ya rage yawan abokin gaba. Abin da ba a musu shi ne sun samu sukunin sauka, suka yi sahu mai kusurwa huɗu, suka tsaya cik suna harbi. Baraden Kano suka yi ta kawo hari ba su fasa sahun ba. A nan Waziri ya faɗi, shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada.

Shekara uku bayan haka, 14 ga Fabrairu 1906, irin wannan runduna dai, har ma ta fi yawa, kimanin mutum 70, ta fita daga Sakkwato zuwa ƙauyen Satiru, inda talakawa suka yi bore. Mutanen Satiru ba su da lifidi ba su da sulke, yawancinsu fartanya da gatari da baka ne a hannunsu. Muƙaddashin Razdan, Hillary, ya wuce gaba wai zai yi musu magana. Laftana Blackwood ya sa sojoji suka sauka suka yi sahu, sai ya ga Razdan yana waje cikin haɗari, ya ba da umarni sahun ya matsa gaba. Sahu mai ɗauke da dawaki ba ya matsawa salin alin. Kafin su sake jeruwa jama'a sun auka musu, dawaki suka firgita, wuri ya yamutse. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Blackwood da sojoji fiye da 20, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa.

Masu sauraro, ku auna waɗannan ranaku biyu. Runduna iri ɗaya ce, horo ɗaya, bindiga ɗaya. Rannan ta tare baraden masarauta, rannan kuma manoma sun tarwatsa ta cikin 'yan mintoci. In littafin wasa ya ba ta lamba ɗaya tak, wannan lamba ba za ta iya haifar da Kwatarkwashi ta kuma haifar da Satiru ba. Bambancin yana cikin halin da aka same ta, a kafe take ko tana tsakanin sirdi da ƙasa.

Ga yadda muka rubuta. Hawa ko sauka yana cin rabin tafiyar zagayen. Runduna da ta hau, ko ta sauka, ko ta matsa tare da dawakinta, sai a ɗora mata alama har zagayenta na gaba. In aka kai mata farmakin gaba da gaba alhali alamar tana kanta, mai ita ya jefa ƙwaya. In 1 ko 2 ko 3 ta fito, dawaki sun ɓalle, ƙarfinta ya koma rabi, kuma ba ta da damar harbi kafin a iso ta. In kuwa ta yi zagaye guda cur a ƙasa ba ta motsa ba, ita ke fara harbi, a ƙara mata 1. Da farko 1 da 2 kawai muka sa. Muka buga sau da yawa muka ga mutane ba sa tsoronta, kowa yana hawa a gaban hancin abokin gaba yana dariya, sai muka ƙara 3. Daga ranar dariya ta ƙare.

Zan faɗi wani abu a gefe. Ranar da muka zana taswirar Satiru a bayan kwalin sabulu, zauren ya yi tsit. Mun san abin da ya biyo baya. A watan Maris na shekarar aka dawo da babbar runduna, aka kashe mutane kusan 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsine wa wurin. Baba ya ce shi ba zai riƙe ɓangaren Turawa ba, ko a takarda. Ni na riƙe, kuma ban ji daɗi ba. Amma a wannan tebur na fara fahimtar cewa mutanen Satiru ba sa'a ce kawai ta kama su ba. Sun ga kafa ta buɗe, suka shiga kafin ta rufe. Rahotannin Turawa sun fi ba da ƙarfi a kan kuskuren Blackwood, kamar waɗanda suka ci moriyar kuskuren ba su da ido.

(Kiɗan goge, a hankali)

Sai maganar farmaki a kan doki, inda aka fi samun masu taurin kai. A ƙa'ida dakaru masu hawa ba su da takobi, ba a kuma horar da dawakinsu su yi sukuwa kafaɗa da kafaɗa ba. Kanar John Wilder na Amurka, wanda birged ɗinsa ya riga kowa kama mashigin Hoover ranar 24 ga Yuni 1863 da bindigogin Spencer masu harsashi 7, gatari ya raba wa mutanensa. Don haka muka ce in baraden gaske suka riske su a kan sirdi, ƙarfinsu rabi ne, su kuma ba su da izinin kai farmaki a haye.

Nan take wani ya ce, to Biyersheba fa? Yana da hujja. Ranar 31 ga Oktoba 1917, da yamma liƙis, a kudancin Falasɗinu, mahayan Ostireliya kimanin 800, waɗanda aikinsu sauka da harbi ne, suka yi sukuwa kai tsaye kan ramukan Turkawa da banati a hannu a madadin takobi. Suka tsallake ramukan suka kama garin da yawancin rijiyoyinsa, mutum 31 suka rasa. Su ma Bowa, can ƙarshen yaƙinsu, sun koma kai hari a haye suna harbi daga sirdi. Ya yi musu kyau a Bakenlaagte a Oktoban 1901, ya kuma ƙare musu da asara a Rooiwal a Afrilun 1902.

Ra'ayina shi ne abin da ya faru sau ɗaya ya ba duniya mamaki, kada a mai da shi abincin kullum. Wani ɓangare na nasarar Biyersheba ai mamakin ne, Turkawa suna jiran mutanen nan su sauka kamar yadda suka saba, kuma babu waya mai ƙaya a gaban ramukan. Muka yarda kowane ɓangare yana da damar gwada irin wannan sau ɗaya a wasa, a fili mai sarari. Mai tsaro ya jefa ƙwaya tukuna. In 5 ko 6 ya samu, harbinsa ya yi daidai, maharan su kwashi kashinsu a hannu. In ba haka ba, su auka da cikakken ƙarfi. Baba har yau yana cewa mun yi sassauci, da shi kaɗai ne da 4 ma tana ciki.

Gajiyar doki ba za mu daɗe a kanta ba, ko da yake ita ta fi cin dabbobi a zahiri. Ingila ta rasa dawaki fiye da 300,000 a Afirka ta Kudu, akasarinsu yunwa da cuta da wahala ne suka kashe su. Dokarmu layi ɗaya ce, runduna da ta yi cikakkiyar sukuwa zagaye biyu a jere, a na uku tafiyar dakare za ta yi. Mun taɓa gwada lissafin harawa da ruwa ga kowace runduna. Wasan da muke gamawa tsakanin la'asar da magariba ya kai mu bayan isha'i, ba a ko yi rabi ba, uwargidan Baba ta aiko a tambaya ko kwana za mu yi. Muka soke shi.

Wannan ya koya mana iyaka. Kowace doka da ka ƙara, ka ƙara abin mantawa da abin gardama. Duk namu sun shiga bayan katin gayyatar biki guda ɗaya, kuma mun yi alkawari in za a ƙara wata sai an cire wata. Akwai kuma tarkon da ya kamata mai shirin yin nasa ya lura da shi. Wanda ya tsara wasan wataƙila ya riga ya cire rubu'in nan na masu riƙon doki a cikin lambar da ya buga. In ka sake cirewa ka yanka rundunar sau biyu. Sannan girman wasan yana da muhimmanci. In zagaye ɗaya yana wakiltar minti 20, hawa da sauka babban al'amari ne. In yini guda yake wakilta, kowane gida kuma kilomita 10 ne, maganar wa ya riƙe linzami ba ta taso ba, sai dai a ba su saurin tafiya a hana su ƙarfin farmaki. Hanyar gwaji da muke bi ita ce a buga fage ɗaya sau biyu, a yi musayar ɓangare. In mai dakarun hawa ne ke ci ko wane ne shi, dokar ta yi musu gata. In kowa yana gudun ɗaukarsu, ta yi musu tsanani.

Kuma a karanta katin da babbar murya kafin a jefa ƙwayar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da mutum ya tuno da ita bayan an kewaye shi, a zauren Baba ba ta da daraja ko ta sisin kwabo.

(Kiɗa kaɗan)

Saura magana ɗaya da muka kasa yankewa, ita zan miƙa muku. Littattafan Turawa sun ce mutum ɗaya yana riƙe doki huɗu. A filin faretin bariki, na yarda. Amma na tsaya kallon hawan sallah na ga yadda ingarma ke tsalle in 'yan bindiga suka saki wuta, zagi biyu suna fama da shi shi kaɗai. Baba yana so mu sa doka cewa duk harbin igwa da ya faɗa kusa da sirdin nan, a jefa ƙwaya ko dawakin za su tsinke. Ni ina tsoron katin ya cika.

To ku da kuka san doki, masu kula da barga, zagage, mahayan Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram, ku gaya mana. Mutum ɗaya, linzami huɗu a hannu, ana harbi a gabansa, minti nawa zai iya riƙewa? Ku aiko da amsa ta hanyoyin da kuka saba, za mu karanta a shiri na gaba, in Allah ya kai mu, ni kuma in kai wa Baba ranar Asabar. 

(Taken shiri)